Gaskit: Siririn Faifan da Ke Raba Wuta da Ruwa da Mai a Cikin Inji

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga tashar Kawo zuwa Zariya a watannin Maris da Afrilu, ba zai rasa ganin mota a gefen titi ba, an ɗaga bonet, tururi yana tashi, yaron mota kuma ya nufi ƙauye da jarka neman ruwa. In an ja motar zuwa gareji, sau da yawa hukuncin bakanike ɗaya ne: "Gaskit ya ƙone." Maganar gajeriya ce, amma ta ƙunshi darussa da dama daga cikin waɗanda ɗalibai ke koya a ajin fizik da na kemistiri.

Injin mota gida biyu ne. Akwai gangar jiki ta ƙasa wadda makanikai ke kira bulok, inda silinda da fistin suke, akwai kuma murfin sama da ake kira tof silinda, mai ɗauke da bawul da fulogi. Abubuwa uku ne ke ratsa mahaɗar waɗannan sassa: wutar ƙonewar fetur wadda zafinta kan wuce digiri 2,000 a ma'aunin Salsiyos, da ruwan sanyaya inji, da kuma baƙin mai. Kowannensu da hanyarsa, wani wuri ma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai faɗin yatsa ba. Gaskit shi ne faifan da ake shimfiɗawa a wannan mahaɗa, a ɗaure da notuna, domin kada ɗayansu ya shiga gonar ɗan'uwansa. A da akan haɗa shi da asbestos, amma da aka tabbatar ƙurarsa tana jawo cutar huhu da sankara, sai kamfanoni suka koma ga wasu kayan, musamman siraran fallayen ƙarfe da ake jerawa bisa juna.

To, me ke kashe shi? Amsar tana cikin dokar nan da ta ce ƙarfe yakan buɗe idan ya ji zafi, kuma ba daidai kowane ƙarfe ke buɗewa ba. A ɗauki Peugeot 504, wadda kamfanin da ya fara aiki a Kakuri a 1975 ya daɗe yana harhaɗawa, har ta zama motar haya a tashoshin Arewa. Bulok ɗinta na zubin baƙin ƙarfe ne, murfinta kuwa na alminiyon. A kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi, alminiyon yakan ƙaru da kimanin kashi 23 cikin miliyan na tsawonsa, baƙin ƙarfe kuwa kimanin 11. Idan aka ƙaddara murfi mai tsawon milimita 500 ya ƙara zafi da digiri 100, to zai miƙe da milimita 1.15, alhali bulok ɗin da ke ƙarƙashinsa milimita 0.55 kawai zai yi. Wannan bambanci na fiye da rabin milimita gaskit ne ke shanye shi kullum aka tayar da mota aka kashe. An ƙera shi ya jure haka muddin ruwan inji yana nan wajen digiri 90. Da zarar zafi ya wuce ƙima, murfin zai nemi buɗewa, notuna su hana shi, sai ya murƙushe gaskit, shi kansa kuma ya lanƙwashe. Lanƙwasar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wadda ido ba ya iya gani, ta isa ta buɗe wa wuta ƙofa.

Ke nan ƙonewar gaskit yawanci sakamako ce, asalin ciwon yana wajen sanyaya inji: lagireto mai yoyo, ko fambel da ya tsinke, ko famfon ruwa da ya gaji. Murfin lagireto ma, da ake rainawa har wasu su maye gurbinsa da tsumma, yana da babban aiki. Kaduna tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 600 daga teku, don haka ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yakan tafasa a wajen digiri 98. Murfi mai kyau yana riƙe matsin da ke ɗaga wannan mizani zuwa kusan 120. Tururi kuwa ba ya kwashe zafi kamar ruwa, saboda haka da ruwa ya fara tafasa a cikin murfin inji, an kama hanyar ɓarna. Haka nan ɗabi'ar zuba ruwan rijiya zalla tana barin tsatsa da dasashi irin wanda ake gani a gindin butar shayi, su toshe ƙananan bututun lagireto. Cire tamostat kuma da sunan wai ƙasarmu ƙasar zafi ce, al'ada ce da ba ta da madogara. Ba ya warkar da toshewa ko yoyo, ɓoye su kawai yake yi.

Alamomin sun danganta da inda gaskit ya yage. In tsakanin ruwa da silinda ne, farin hayaƙi zai riƙa fita ta salansa ko bayan inji ya ɗau zafi, ruwa yana raguwa ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba, kumfa kuma tana tasowa a lagireto. In tsakanin ruwa da mai ne, sai a zaro sandar awon mai a tarar ya koma kamar shayi da madara. Irin wannan mai ya daina raba ƙarfe da ƙarfe, tafiya kaɗan inji zai buga. Ruwa kuma ba ya matsuwa yadda iska ke yi, don haka idan ya taru a kan fistin aka murza makulli, yana iya lanƙwasa sandar fistin ɗin.

Akwai gwajin da malamai za su so. Ana ɗora ƙaramar kwalba mai shuɗin ruwa a bakin lagireto. Idan hayaƙin silinda yana kutsawa cikin ruwan inji, iskar kabon-dayoksaid da ke cikinsa za ta mai da shuɗin ya koma rawaya. Ita ce dai iskar da ɗalibi ke hurawa ta tsinken roba cikin ruwan laim ya ga ya yi fari, domin inji da jikin ɗan Adam duka suna ƙona makamashi da oksijin ne su fitar da ita.

Ba kowane yoyon mai ba ne laifin wannan gaskit. Yawanci robobin da ke toshe bakin sandunan inji da murfin bawul ne ke bushewa saboda zafi da tsufa. Mai kuwa ƙasa yake gangarowa, shi ya sa gwanin bakanike yakan wanke inji tukuna ya nemi wuri mafi tsayi da ya jiƙe. Man da ya ɗiga, da wanda ake juyewa a kwatocin garejoji, ruwan damina ne ke kwashe shi zuwa Kogin Kaduna, inda yake shimfiɗuwa a saman ruwa ya rage oksijin da ke isa ga kifi. Tsohon baƙin mai yana kuma ɗauke da sinadaran da gwaji a kan dabbobi ya nuna suna jawo sankarar fata, abin da ya shafi yaran gareji masu wuni hannu dumu-dumu a cikinsa.

Wajen gyara, sabon gaskit kaɗai bai wadatar ba. Sai an auna murfin da miƙaƙƙen ƙarfe, in ya lanƙwashe a kai wa masu injin fere ƙarfe su daidaita fuskarsa, sa'an nan a ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai ma'auni, gwargwadon ƙarfin da kamfani ya ƙayyade. Direban da ya ga allurar zafi ta haura kuwa, abin da ya kamace shi shi ne ya tsaya ya kashe inji nan take. Kada ya buɗe lagireto, domin matsin na sauka ruwan zai tafasa gaba ɗaya ya watso masa a fuska, kada kuma ya kwara ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi, don yana iya tsagewa. Ya jira aƙalla rabin sa'a, har bututun roba na sama ya huce ya yi laushi a hannu, kafin ya taɓa murfin.