Mudun Awon Hasken Da Ido Ba Ya Gani

Abin da nake so in yi bayani a kai a mujallarmu ta bana shi ne na'urorin da ke gano hasken nan mai ratsa jiki, su kuma auna shi, domin ɗaukar hoton ciwon daji da gasa shi. Dalilin da ya sa na zaɓi wannan kuwa, a unguwarmu Hayin Banki na sha jin ana cewa duk wanda aka tura shi gashi a Shika to sai dai addu'a, wai wutar ce ke ƙarasa shi. Wannan magana ta sa wasu ba su zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Alhali kuwa ba a sakin wannan haske kara zube, awonsa ake yi.

Asalin Hasken

Cikin shekara ta 1895 wani Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen ya gano wani haske da ke ratsa tsoka amma ƙashi ya tare shi, har ya ɗauki hoton hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe. Shi ne eksire da ake hoton ƙirji da shi. Cikin 1896 Henri Becquerel na Faransa ya gano cewa yuraniyam, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta ƙasar Nijar, yana fid da ɓoyayyen haske da kansa. Cikin 1898 kuma Marie Curie da mijinta suka gano radiyam. Ba a daɗe ba likitoci suka lura hasken yana kashe ƙwayoyin ciwon daji. Sai dai ba a ganinsa, ba shi da wari, jiki kuma ba ya jin shigarsa. Saboda haka da yawa cikin ma'aikatan farko suka ƙone a hannu, wasu har aka yanke musu yatsu.

A kasuwar Kawo ba wanda zai sayi gero a ce masa "na zuba" ya yarda, sai ya ga mudu. To, haka nan masana suka ga lalle sai an ƙera wa wannan haske mudunsa.

Ire-iren Ma'aunai

Na farko, ma'auni mai iska. Ɗan bututu ne da waya a tsakiyarsa. In hasken ya ratsa iskar da ke ciki sai ya haifar da ɗan lantarki, a ƙirga shi. Irin wanda Hans Geiger da Walther Muller suka kyautata cikin 1928 har ƙara yake yi, ƙyas-ƙyas, yawan ƙarar yawan hasken.

Na biyu, ma'auni mai ƙanƙarar gishiri, watau wani sinadari garai-garai kamar gilashi. In ɓoyayyen haske ya buge shi sai ya yi ƙyalli ɗan mitsitsi, wata na'ura a bayansa ta mai da ƙyallin lantarki ta ninka shi. Da irin wannan ne Hal Anger na Amurka ya ƙera kyamarar gama wajen ƙarshen shekarun 1950.

Na uku, ma'auni mai ɗan guntun sinadari irin silikon, dangin abin da ke cikin kyamarar wayar hannu. Shi kai tsaye yake mai da haske lantarki. Masana sun duƙufa a kansa, har cikin 2021 aka amince a Amurka da injin hoto mai ƙirga ƙwayoyin hasken ɗaya bayan ɗaya. Amfanin wannan ci gaba biyu ne: hoto ya ƙara fitowa sarai, hasken da ke shiga jikin majinyaci kuma ya ragu.

Ganin Ciwo Tun Yana Ƙarami

Cikin 1971 aka fara ɗaukar hoton kan majinyaci a Landan da injin siti sikan wanda Godfrey Hounsfield ya ƙera. Injin yana zagaya mutum, haske na fita ta wannan gefe, ma'aunai na karɓa ta wancan, kwamfuta ta haɗa lissafin ta fid da hoton cikin jiki yanka-yanka kamar burodi. A lokacin mintoci ake ɗauka kafin a samu yanka guda, yau kuwa cikin 'yan daƙiƙu an gama ƙirji duka.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne injin PET. Ƙwayoyin ciwon daji sun fi sauran ƙwayoyin jiki haɗamar sukari. Saboda haka sai a yi wa mutum allurar wani irin sukari da aka liƙa wa fulorin-18, ya je ya taru inda ciwon yake. Daga nan haske biyu ke tashi lokaci guda, ɗaya gabas ɗaya yamma, zoben ma'aunai da ke kewaye da mutumin ya cafke su. In ɗaya ya riga ɗaya isowa, to ciwon ya fi kusa da wannan gefe ke nan. Ku dubi irin saurin da ake bukata: haske yana cin santimita 30, tsawon rular da muke zuwa aji da ita, cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa. Ma'aunan zamani suna bambance abin da bai kai haka ba.

Gashi Da Awo

Kimanin rabin masu ciwon daji suna bukatar gashi. Mudun awonsa ana kiransa gire. Sau da yawa likita yakan rubuta gire 60 zuwa 70, amma a raba shi gire 2 kowace rana, kwana biyar a mako, har mako shida ko bakwai, domin lafiyayyar tsoka ta riƙa murmurewa. In an rage, ciwon ya dawo. In an ƙara, a yi wa mutum lahani.

Ga misalin da ya sa awo ya zama tilas. Kobalt-60 da ake gashi da shi ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara 5 da wata 3, watau wajen kashi 1 cikin 100 kowane wata. Gashin da yake ɗaukar minti 1 yana sabo, bayan wannan muddar sai minti 2. Cikin 1996 a wani asibiti a San Jose ta ƙasar Kosta Rika, wajen auna sabon kobalt aka ɗauki minti 0.3 a kan daƙiƙa 30, alhali daƙiƙa 18 ne. Majinyata 115 suka samu ƙarin haske fiye da rabin abin da aka rubuta musu, wasunsu suka rasu. Kun ga ashe ba hasken ne abin tsoro ba, kuskuren awo ne. Don tsare irin wannan, tun 1969 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suke aika ƙananan ma'aunai zuwa asibitoci, a haska su a mayar, a gani ko mudun asibitin daidai yake.

A Nan Gida

Daga tashar Kawo zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne. Gaba da Samaru, a Shika, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana da sashen ciwon daji da gashi, da injin kobalt kuma aka fara aikin a can. A jami'ar akwai cibiyar binciken makamashi, inda tukunyar nukiliya ta bincike ta farko a Nijeriya ta fara aiki cikin 2004. Tun 2001 kuma akwai hukumar ƙasa mai sa ido kan amfani da irin wannan haske. Sai dai injunan gashi sun yi wa yawan jama'armu kaɗan ƙwarai, inji kuwa kome tsadarsa bai da amfani in babu masanin fiziks na asibiti mai auna shi, da injiniya mai gyara shi.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, wanda ya ji kullutu a mama ko a wuya, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko zubar jini ba dalili, ya hanzarta ganin likita, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In an rubuta gashi kuma a daure a cika kwanakin. Mu kuma ɗalibai, maza da mata, mu daina gudun fiziks da lissafi. Mai da minti zuwa daƙiƙa da muke rainawa a aji, ran mutane ya rataya a kansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa a samu masu riƙe wannan mudu daga cikinmu, amin.