Inji Ba Ya Faɗin Gaskiya Sai Ya Yi Zafi

Ɗana, ya sanyin Ingila? Hotunan da ka turo sun iso, ƙanwarka ta buɗe min su a waya na duba ɗaya bayan ɗaya. Na ga injin aske shingen yana ƙyalli kamar jiya ya bar kamfani. Na kuma ji kai da abokin aikinka kuna so ku haɗa kuɗi ku saya, ku ɗaura wa taraktarku, ku riƙa yi wa manoman yankin aiki da hunturu. Allah ya sa albarka. Tunda ka nemi shawarata, ga abin da shekarun da na yi a garejin taraktoci suka koya min.

Sana'ar dai mai kyau ce. A nan gida, shingen aguwa ko na bini-da-zugu adda ta ishe shi. Can kuwa na gani da idona lokacin da aka tura mu kwas: ƙaya ce mai rai ke raba gona da gona, wani shingen ya haura shekara 200 a tsaye, kuma a gona ɗaya sai ka yi tafiyar kilomitoci kana bin sa. Aiki ba zai yanke muku ba. Ban kuma ƙi na hannu ba, da tsohuwar zuma ake magani. Kamfanoni irin su McConnel na garin Ludlow da Bomford sun daɗe suna ƙera waɗannan injuna, kuma tsohon injinsu da aka riƙe da kyau zai iya cinye shekaru yana aiki. Abin da na ƙi shi ne cinikin biri a sama. Hoto ba ya nuna komai sai fenti, fenti kuwa ba ya yanke ƙaya.

Kafin ka tashi zuwa ganin injin, fara duba abin da ke gidanka. Injin da hannunsa ke miƙewa mita 5 nauyinsa ya kusa tan guda, kuma idan hannun ya miƙe gefe, kan injin yana can ƙarshe yana rinjayar tarakta. Kowane kamfani yana rubuta mafi ƙarancin nauyi da ƙarfin taraktar da za ta ɗauki injinsa. Nemi littafin ka karanta, ka gwada da taku. Ɗora wa jaki kayan raƙumi ba jarumta ba ce, a gefen kwata ko kan gangare ake ganin sakamakon. Ka tambaya kuma yadda ake ɗaura shi. Wani a maƙalai uku na bayan tarakta yake zama, wani kuwa sai da ƙarafan da ke kama gatarin baya, kuma waɗannan ƙarafan kowace tarakta da nata. Idan na wata tarakta aka ba ka, ka sa kuɗin sababbi cikin lissafi tun yanzu.

To, ga inda nake so ka ba ni kunnenka. Yanzu Janairu ne, lokacin aski bai wuce ba. A Ingila doka ta hana aske shingen gona daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta saboda tsuntsaye na sheƙa, sai inda akwai larura kamar shingen da ya tare wa direbobi gani. Don haka ka je kafin Fabrairu ta ƙare, ka ce a ɗaura injin a tarakta, a kai shi ga shinge, ya yi aiki a gabanka. Kada ka yarda da minti 5. Ka tsaya rabin awa ko fiye.

Dalili kuwa, duk ƙarfin wannan inji a man haidurolik yake. Sandar PTO ta tarakta, mai juyi 540 a minti, ita ke juya famfo, famfon ya tura mai ta cikin tiyo zuwa hannu da zuwa kan da ke yanka. Mai in yana da sanyi kauri gare shi, sai ya toshe wa gajiyayyen famfo duk kafofin da yake yoyo ta ciki, inji ya yi ta rawar jiki kamar sabo. Da man ya ɗau zafi ya tsinke, sai asiri ya tonu: hannu ya fara nawa, kan ya riƙa sarewa da ya shiga ƙaya mai kauri, famfo ya kama kuka. Ka buɗe tankin man ka tsoma sanda. Man da ya yi fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. Wanda ya yi baƙi yana warin ƙuna, an daɗe ana wahalar da shi. Sannan a ɗaga hannun a miƙe, a sake shi haka, ka zuba ido. In yana sauka da kansa a hankali, silinda ko bawul na zubar da mai ta ciki.

Wannan darasi da kuɗina na saye shi. Shekarun baya na sayi injin sare ciyawa na bayan tarakta a hannun wani dillali. Da sassafe na je, aka tayar, ya yi juyi lafiya ba ƙara, fenti sabo fil, na biya har da la'ada. Kwana shida ya yi a gonata giya ta tsaya cak. Da muka kwance, sai ga giris mai kauri an danƙara a inda mai ya kamata ya kasance, don kawai a rufe bakin haƙoran da suka cinye. Ni da nake koya wa yara gyara, ni aka yi wa haka, don na yi sauri, kuma na ji kunyar in ce a ƙara minti 20.

Mu koma ga injin da za ka duba: bayan an kashe tarakta an zare makulli, an sauke kan ƙasa, sai ka zagaya da hannunka. Kama kan injin ka jijjiga, abokinka ya kalli gaɓoɓin hannun. Kowace gaɓa fil ne cikin bushi, kuma ɗan sako-sako a gindin hannu, wanda bai fi kaurin farce ba, kafin ya kai ƙarshen mita 5 ya ninka sau da yawa, shinge ya fito kamar askin koyo. Canza bushi ƙaramin aiki ne. Amma in an bar shi ba giris har ramin kansa ya faɗaɗa, wannan aikin mai walda ne, kuma can aikin hannu tsada gare shi. Duba kan giris ɗin kowace gaɓa: wanda ya jiƙe da maiƙo shaida ce mai shi yana kula, wanda ya bushe da tsatsa ya gama ba ka labari. Bi hannun da yatsa kana neman tsaga da tabon walda, musamman inda fenti ya fi sabunta.

Sai gangar da ke cikin kan, wadda wuƙaƙe ke lilo a jikinta. Tana juyi fiye da sau 2,000 a minti, don haka wuƙa ɗaya in ta ɓace, ko gangar ta ɗan lanƙwashe don ta daki kututture, girgizar za ta ci boris, ta tsattsage murfi, ta bi hannu har kujerar direba. Lokacin gwaji ka ɗora tafin hannunka a jikin tarakta, za ka ji. Ƙirga wuƙaƙen, ka ga ko iri ɗaya ne, ka leƙa gefen gangar ko waya ta naɗe a wurin boris.

Ka tambayi tarihinsa kamar yadda ake tambayar asalin saniya. Injin manomi da ke aski kwanaki kaɗan a shekara daban yake da na ɗan kwangila da ke kan hanya tun Satumba har Fabrairu, ko da shekarunsu ɗaya. Duba farantin lamba a jikinsa, in an kankare ko an cire, juya ka tafi, kayan sata ba su da albarka ko da kyauta. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar. Ka sani kuma yawancin farashin kayan gona a can ba a haɗa harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a ciki, ka tambaya kafin ka ce na saya. Kuma kada ku zuba duk abin da kuka tara. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: ku rage na tiyo, da tace mai, da wuƙaƙe, da inshora.

Ran da Allah ya mallaka muku, ka tuna mahaifiyarka na nan tana jiranka da gaɓoɓinka cikakku. Kada ka hau sai sandar PTO na da murfinta, kuma an sa wa gilashin tarakta kariya ta ɓangaren da ake yanka, don wuƙar nan tana cilla dutse da guntun waya kamar harsashi. Ɗaga kai ka duba wayar lantarki kafin ka ɗaga hannun inji. Ka ga mai tafiya a ƙasa, ko mai keke, ko mai doki, tsaya har ya wuce. In ka gama, share ƙayar da ta zuba a titi, kada tayar wani ta yi faci ya zagi iyayenka. Shingen ma yana da hakki: ba lallai a ƙwaƙule shi kowace shekara ba, wanda aka bari shekara 2 ko 3 shi ke fure ya yi 'ya'yan da tsuntsaye ke ci da sanyi.

Mai injin zai ce maka wani na zuwa gobe da kuɗi a hannu. Ka ce Allah ya ba mai rabo sa'a. In ya ƙi a ɗaura, ko ya ƙi a bari ya yi zafi, ya riga ya ba ka amsa. Ka je ka gani, ka tsaya rabin awar nan, sannan ka kira ni mu yi maganar farashi. Ka gaida abokin naka. Allah ya yi maka albarka.