Kafin A Kafa Danja A Kajiji

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari, ta ratsa Kajiji, ta nufi Tambuwal da Jega har ta dangana da Yawuri da Kwantagora, hanya ce ta Gwamnatin Tarayya, wadda ake kira A1. A kanta tireloli ke sauka kudu da albasa da shanu, tankokin mai kuma su hauro arewa. Amma ga mutumin da ke zaune a bakinta, wannan kwalta ita ce tsakar gari: gidansa na wannan hannu, masallaci ko makaranta ko shagon da zai sayi gishiri na wancan, kuma dole ya tsallaka ta sau da yawa kafin rana ta faɗi. A irin waɗannan garuruwa, da zarar mota ta kaɗe wani, maganar da ke fara zuwa bakin jama'a ita ce a kafa danja. Buƙatar tana kan gaskiya, don rai ba abin wasa ba ne. Sai dai ya kamata a sani cewa abin da ke kashe mai tsallaka titi a gari irin Kajiji gudun mota ne, kuma danja ba ta rage gudu. Saboda haka ba ita ya kamata a fara nema ba.

Aikin danja raba lokaci ne. Tana ba motoci nasu daƙiƙu, ta ba masu tafiya a ƙasa nasu. An fara kafa irinta a Landan a watan Disamba na 1868, a bakin majalisar dokokin Ingila, da fitilar gas, ba a jima ba ta fashe aka cire ta. Mai lantarki kuwa an kafa ta a birnin Kilibilan na Amurka a 1914. Tun daga wancan zamani har yau, inda take da amfani shi ne inda motoci suka yi yawa ba sa yankewa, har mutum ya gaji da tsayuwa bai sami kafar wucewa ba, kamar yadda ake gani a manyan mahaɗun Kano ko cikin garin Sakkwato. A can motoci sun riga sun rage gudu saboda cunkoso, abin da ya rage kawai a ce wa wannan tsaya, a ce wa wancan wuce. Kuma duk amfaninta ya rataya a kan abu uku: direba ya hango ta da wuri, ya iya tsayawa, sannan ya yarda ya tsaya. Shi ya sa a Amurka ma, inda wuta da kuɗi ba su ne matsala ba, ƙa'idar hukumar hanyoyinsu ita ce ba a kafa danja sai injiniyoyi sun ƙirga motoci da masu tsallakawa, sun duba irin haɗuran da aka yi a wurin, sun ga ko irin waɗanda danja ke iya hanawa ne.

To, mu ɗauki alƙalami mu yi ɗan lissafi, don a nan maganar take. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga mutum, ƙwaƙwalwarsa ta ba ƙafarsa umarni, ƙafar ta sauka a kan birki, daƙiƙa guda ta tafi ko fiye. Ƙaramar mota mai birki nagari a busasshiyar kwalta sai ta ci fiye da mita 50 kafin ta tsaya cik. Tirela mai cikakken lodi kuwa ba a magana. Ita ƙaramar motar da a ce gudun kilomita 30 take yi, cikin mita 15 ta tsaya. Yanzu a dubi mai tsallakawa. Titi mai hannu biyu, na zuwa da na dawowa, faɗinsa ya ɗan haura mita 7. Tsohuwa mai tulu ko dami a ka, wadda ba ta iya waiwaye da sauri, ko yaro mai allo da ke riƙe da hannun ƙanensa, sai sun yi kusan daƙiƙa 7 kafin su kai wancan gefe. A cikin waɗannan daƙiƙu motar da ke gudun 80 ta ci mita 150 da ɗoriya. Ma'ana, motar da tsohuwar ta hango can nesa kamar ɗigo lokacin da ta sa ƙafa a kwalta, za ta iske ta ba ta fita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65, haɗarin mutuwar wanda aka buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi. Rahotonta na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanyoyin duniya a shekara, fiye da kashi ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba.

A ɗora danja a kan wannan lissafi a ga abin da zai faru. Direban da ya taso daga Jega, ya daɗe yana sharara gudu a fili, bai sa ran ganin jar wuta a tsakiyar hanya ba. Idan ya taka birki da ƙarfi, na bayansa ya afka masa, kuma injiniyoyin hanya sun daɗe da sanin cewa danja tana ƙara irin wannan karo na baya. Idan kuma ya ga ba zai iya tsayawa ba, ko dare ne yana tsoron tsayawa, sai ya wuce abinsa. Wannan na biyun ya fi muni, domin yaron da aka koya wa cewa kore na nufin ya wuce ya daina duba hagu da dama. A da yana tsallakawa da tsoro, tsoron kuma yana kare shi. Yanzu yana tsallakawa da amana. Ga kuma batun wuta. Kowa a ƙasar Sakkwato ya san yadda wutar Kamfanin Lantarki na Kaduna ke zuwa ta ɗauke, don haka dole a koma ga sola, ita kuwa sola tana son mai share mata ƙura a lokacin hunturu, da mai sauya batir idan ya mutu, da mai tsaronsa kada a kwance da dare. Ɗan kwangila ya kafa, ya karɓi kuɗinsa, ya tafi. Matacciyar danja ba sabon abu ba ce ko a manyan birane inda ofishin masu gyara yake kusa, balle a garin da sai an taso daga Sakkwato.

Abin da ke aiki a irin wannan wuri shi ne wanda ke tilasta wa mota rage gudu ko direba ya so ko bai so ba, ko da wuta ko babu. An gwada a Gana, a mahaɗar Suhum da ke kan babbar hanyar Akara zuwa Kumasi, inda aka shimfiɗa jerin ƙananan kunyoyi masu girgiza mota. Tsakanin Janairun 2000 da Afrilun 2001 haɗura sun ragu da kusan kashi 35 cikin 100, mace-mace kuma da kusan kashi 55, da kuɗin da bai kai dala 21,000 ba. Wannan hanya ce ta tireloli da ta ratsa jama'a, kamar tamu. Tsarin da ya dace da Kajiji ke nan: allon gargaɗi da jerin ƙananan kunyoyi tun daga mashigar gari ta hannun Shagari da ta hannun Tambuwal, sannan a wurin tsallakawa a ɗaga kwaltar ta zama tudu mai faɗi mai shimfiɗaɗɗen kai, a shafa mata farin fenti, a kafa fitilar titi a kanta. Kuma a matsar da tirelolin da ke fakawa, da teburan masu shayi da 'yan kabu-kabu, nesa da bakin wurin, don yaron da ya fito daga bayan tirela ba ya ganin mota, motar ma ba ta ganinsa. Da safe da lokacin tashin makaranta, da ranar kasuwa, mutum guda mai riga mai ƙyalli da jar tuta ya fi danja, saboda shi yana ganin tirelar da birkinta ya ƙi, ya riƙe yara.

Direbobi za su ce kunya tana lalata mota, tana jinkirta mai kai mara lafiya asibiti, kuma tana ba ɓata-gari damar tare hanya. Ƙorafin yana da tushe, amma akasari a kan kunyoyin da mutanen gari ke yi da kansu ne cikin fushi bayan haɗari, da siminti da duwatsu ko kututture, masu kaifi, ba fenti ba allo, waɗanda direba ba ya gani sai ya hau. Waɗannan su ma suna kisa, kuma bai halatta kowa ya tona ko ya gina wani abu a kan hanyar Tarayya da kansa ba. Tudun da injiniya ya auna mota tana hawansa salin-alin idan ta rage gudu, jinkirin kuma na 'yan daƙiƙu ne, a cikin gari inda mutane suke, ba a daji ba. Wasu kuma za su ce a gina gadar sama. Gada tana da tsada ƙwarai, tsoho da mai juna biyu da mai tura kura da mai kora awaki ba za su hau ta ba, kuma a birane an sha ganin mutane suna tsallakawa a ƙarƙashin gadar da aka gina musu. Akwai kuma masu cewa ai ajali ne, in ya zo ba makawa. Haka ne, amma malamanmu ba su taɓa koyar da cewa imani da ƙaddara ya ɗauke wa mutum riƙo da sababi ba. Da haka ne da ba a sa wa mota birki.

Wannan ba ya nufin danja ba za ta taɓa dacewa da Kajiji ba. Idan an rage gudun motoci, sannan aka ga har yanzu mutane suna daɗewa a bakin titi ba su sami kafa ba saboda yawan motoci, to lokacinta ya yi, muddin an rubuta sunan hukumar da za ta riƙa gyara ta da inda kuɗin batir zai fito. Ba a gane wannan da zato, sai da ƙidaya, kuma ƙidayar ba ta fi ƙarfin mutanen gari ba. Malaman makaranta da matasa za su iya zama da littafi a ranar kasuwa da ranar da ba ta kasuwa ba, su rubuta mutum nawa suka tsallaka a kowace awa, a daidai ina, yara nawa, motoci nawa. A nemi bayanan haɗuran wurin daga 'yan sanda da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, a ga ko da rana aka fi yinsu ko da dare, don in da dare ne fitilar titi ce ta fi gaggawa. Sannan uban ƙasa da kansila da shugaban ƙaramar hukumar Shagari da shugabannin ƙungiyar direbobi su sa hannu a takarda guda, a kai ofishin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da na FERMA, hukumar gyaran hanyoyin Tarayya, a Sakkwato, don su ke da ikon taɓa wannan kwalta, a ba ɗan majalisar tarayya na yankin kofe. A takardar kada a rubuta cewa ana son danja. A rubuta cewa ana son injiniya ya zo ya auna gudun motoci a mashigar gari, a maƙala masa alƙaluman da aka tara.