Yadda Ake Warware Tsohon Bashin Wutar Lantarki

A jikin bil ɗin wuta da ake rabawa gida-gida a Gwadangaji da ke Birnin Kebbi akwai lambobi biyu da ido ke fara sauka a kansu. Ɗaya kuɗin watan da ya wuce ne. Ɗayar ragowar bashin baya ce, kuma ita ke sa magidanci ya ninke takardar ya cusa ƙarƙashin katifa. A wasu gidajen wannan lamba ta girmi yaran gidan: ta faro tun ana cewa NEPA, ta ratsa zamanin PHCN daga 2005, ta tsallako Nuwamban 2013 da aka sayar da yawancin kamfanonin rarraba wuta, har ta faɗo hannun Kaduna Electric, mai raba wuta a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara.

Shawarar da ake bayarwa a majalisa iri biyu ce, kuma duk ba ta da amfani. Wasu su ce a share, ai kuɗin gwamnati ne. Wasu su ce in mai tsani ya zo yanke wuta a ba shi na goro ya wuce. Na farko sun makara da labari, don kamfanin da kansa bashi ya yi masa katutu. A Janairun 2024 hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta rushe hukumar gudanarwarsa kan bashin naira biliyan 110, a Agustan shekarar kuma kamfanin ya yanke wutar gidan gwamnatin Kaduna yana neman naira biliyan 2.9. Wanda ya kafa tsani a gidan gwamna ba zai ji nauyin mai injin niƙa ba. Na biyun kuwa kuɗinsu suke zubarwa, domin na goro ba ya rage ko kwabo a lissafi.

Aikin farko shi ne tattara takardu: tsofaffin bil, rasit, takardar haya ko ta sayen gida, da duk wata sanarwar yanke wuta. Sai a je ofishin kamfanin da lambar asusun da ke saman bil, a nemi cikakken bayanin asusu, wato takardar da ke nuna abin da aka caza da abin da aka biya wata bayan wata. Kada a karɓi jimla da baki, ko wadda aka rubuta da biro a bayan bil.

Nan ne aikin yake, kuma nan yawancin mutane ke gajiya. Tsohon bashi kusan ba ya zama dunƙule ɗaya. Sai an zauna da takardar, da biro, da kalkuletar waya, an tsefe shi kashi-kashi, kafin a san nawa ne ya hau kan mutum da gaskiya.

Kashin farko shi ne bashin da ba na mutum ba ne. Gwadangaji unguwa ce ta ma'aikata saboda sakatariyar jiha, kuma ma'aikaci yau yana nan, gobe an mayar da shi Yawuri ko Zuru. Ɗan haya ya tashi ya bar bil na shekara biyu, sabo ya shigo ya tarar da shi a maƙale a ƙofa. Matsayin NERC a kan wannan a fili yake: ba a ɗora wa sabon mazauni bashin wanda ya riga shi. Amma hujja ake so, kuma hujjar ita ce takardar haya mai kwanan wata. Wanda ya kama haya da baki kawai, kamar yadda aka saba tsakanin sanannu, sai ya nemi mai gidan ya rubuta ranar da ya shiga, mai unguwa ya sa hannu. Wanda ya sayi gida kuwa, da ya tambayi bayanin asusun tun kafin a ƙirga kuɗi ya fi masa sauƙi, don a cire bashin daga farashi. Idan asusun da sunan mahaifin da ya rasu yake, hukuncinsa daban ne. Bashin mamaci daga dukiyar da ya bari ake fitarwa kafin rabon gado, ba daga aljihun ɗan da ya rage a gidan shi kaɗai ba. A raba lissafin a ranar rasuwa: na baya na gado, na gaba na mazauna gidan.

Kashi na biyu shi ne kuɗin ƙiyasi, kuma a gidan da babu mita shi ya fi yawa. A Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka kan yawan yunit ɗin da za a iya ƙiyasta wa gida ko ƙaramin shago marar mita, tana kuma wallafa iyakar kowane layin wuta a shafinta na intanet. Sunan layin da ke ba unguwa wuta yakan fito a jikin bil, in babu sai a tambaya a ofis. Lissafin ba wuya. A ce iyakar wani wata yunit 150 ce, bil kuma ya rubuta 260. Rarar yunit 110 ke nan, a ninka da farashin yunit na wannan watan, a rubuta a gefe. Haka za a bi kowane wata. Abin da gajiya, kuma farashin yana canzawa, don haka ba a ɗaukar farashin bana a auna bil ɗin bara. Kada kuma mutum ya ɗauka neman rigima yake yi. A Fabrairun 2024 NERC ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta 11 naira biliyan 10.5 saboda sun zarce wannan iyaka tsakanin Janairu da Satumban 2023, ta kuma umarce su su mayar wa mutane rarar a cikin asusunsu. A duba watannin farkon 2024 a ga ko an mayar. Iyakar ba ta shafi bil ɗin da aka yi kafin 2020 ba, can sai dai ciniki.

Kashi na uku, watannin da ba a sha wuta ba: taransifoma ta ƙone ta yi wata uku a kwance, ko an yanke wayar gida an naɗe an tafi da ita, bil kuma bai daina zuwa ba. Takardar yankewa ce shaida. Ta taransifoma kuwa ta fi ƙarfi in unguwa ta rubuta gaba ɗaya, mai unguwa ya sa hannu.

Na huɗu, kuɗin da aka biya amma ba su shiga ba. A nan dole a yi maganar rasit ɗin POS. Wannan siririyar takarda mai santsi ba ta jure zafin Birnin Kebbi. A ajiye ta a aljihun mota ko a saman firij a watan Afrilu, kafin damina ta tsaya ta koma fara fat, ba lamba ba kwanan wata, sai alamar ninki. A ɗauke ta hoto da waya a gaban mai POS ɗin, ko a buga kwafi a ranar, 'yan nairori ne. Biya ta asusun banki ya fi duka, don banki na iya fitar da bayanin ko bayan shekaru.

Abin da ya rage bayan an cire waɗannan shi ne bashin gaskiya. Idan akwai wanda ya samo asali tun kafin a sayar da kamfanin, a tambaya a rubuce a madadin wa ake karɓarsa, domin gwamnati ta kafa kamfanin NELMCO ne don ya gaji lissafin tsohuwar PHCN.

Sai rubuta ƙorafi zuwa sashen sauraron koke na kamfanin. Shafi ɗaya ya isa: suna, lambar asusu, watannin da ake jayayya a kansu, adadin kowanne, da kwafin shaidu. Ainihin takardu su zauna a gida. A buga biyu, a tsaya sai an buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata. Wannan hatimi shi ne ke fara ƙirga kwanakin aiki 15 da ƙa'ida ta ba kamfanin ya warware matsala. Idan sun cika ba amsa, ko amsar ba ta gamsar ba, a kai ƙara ofishin sauraron koke na NERC a Birnin Kebbi, daga nan kuma ana iya ɗaukaka ta zuwa hukumar a Abuja. Ba a biyan kuɗin shigar da koke, ba a kuma bukatar lauya.

Kuskuren da ake yawan yi a wannan gaɓa shi ne daina biya gaba ɗaya saboda an kai ƙara. Ƙa'idar ta ce marar mita da ke jayayya ya ci gaba da biyan daidai da bil na ƙarshe da bai yi jayayya a kansa ba. Mai yin haka, da hatiminsa a hannu, yana da abin nuna wa masu tsani. Wanda ya daina biya ba shi da shi.

Ciniki kan bashin gaskiya ya fi kyau a yi shi da manajan yanki, a ofis, da ladabi. "Yallaɓai, ga abin da na yarda nawa ne, ga abin da zan iya duk wata" ta fi awa guda ta faɗa. Ma'aikaci ya daidaita da ranar albashi, manomin shinkafa ya nemi a bar masa kaso mai tsoka sai bayan girbi. Kamfanonin wuta kan sanar da rangwame lokaci-lokaci ga masu biya a dunƙule, kuma tambaya ba ta cin kuɗi. Duk abin da aka yarje a rubuta, a sa hannu. Gargaɗi guda a nan: sanya mita mai kati ba ya goge tsohon bashi. Ana mayar da shi kan mitar ne, a riƙa cire wani kaso duk sanda aka sayi kati, sai mutum ya biya dubu biyar ya ga yunit ɗin da bai kai ba. Shi ya sa a gama tsefe lissafi kafin a kafa mita, a kuma tambayi kason da za a riƙa cirewa.

Masu karɓar bashi kuwa, ko ma'aikatan kamfanin ne ko waɗanda ya ɗauka kwangila, a nemi katin shaida da takardar da ta ba su izini. Ba a miƙa musu tsabar kuɗi, ba a tura wa asusun wani mutum. Kuɗi su shiga lambar asusun wutar gidan kawai. Barazanar kamu ba ta da tushe: sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Satar wuta wani abu ne daban. Wanda aka yanke masa ya kira ɗan unguwa ya haɗa masa da dare, ko ya zagaye mita, ya mayar da bashi laifi a ƙarƙashin Dokar Lantarki ta 2023, kuma duk takardun da ya tara ba za su cece shi ba. Mai karɓar bashin da ke kiran surukai da abokan aiki yana tozarta mutum, irin yadda manhajojin rance na waya suka yi har hukumar kare masu saye ta FCCPC ta kai musu samame a Legas a Maris 2022, shi ma ana iya kai ƙararsa ga wannan hukuma.

Saura maganar suna a wajen bankuna, wadda ake yawan tsoratar da mutane da ita ba tare da bayani ba. Akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki da ke ajiye tarihin bashin mutane: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Dokar 2017 da ta tsara aikinsu ta sa kamfanonin wuta, ruwa da sadarwa cikin waɗanda za su iya ba su bayani, ta kuma ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Da lambar BVN ake nema. A nemi na ukun duka, don abin da ke wajen ɗaya ba lallai ne ya kasance wajen sauran ba.

A Kebbi abin da ya fi dacewa a zuba wa ido a rahoton shi ne rancen noma. A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, manoman shinkafa na fadamar Rima har zuwa Argungu suka karɓi iri da taki da kuɗi, wasu suka ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa. Rance ne, kuma da BVN aka yi rajista. Tun Agustan 2020 ma akwai tsarin GSI da ya ba banki damar cire kuɗin rancen da aka ƙi biya daga asusun mutum a wasu bankunan. Wannan na rancen banki ne, bai shafi bil ɗin wuta ba, duk wanda ya yi barazana da shi a ƙofar gida cika baki yake yi. In an ga kuskure a rahoto, a rubuta wa kamfanin rahoton da wanda ya ba shi bayanin, tare da shaidar biya.

Ranar da aka biya kaso na ƙarshe, a nemi takardar da ke cewa asusun ba shi da bashi, a duba bil na watan gaba a ga ko ragowar ta koma sifili. Sannan a cike fom a mayar da asusun sunan wanda ke zaune a gidan yanzu. Mai gidan haya ya maimaita wannan duk sanda ɗan haya zai tashi, kafin ya karɓi makulli. Bil ɗin hukumar ruwa ta jiha ma haka ake bin sa, sai dai kokensa ba ya zuwa NERC, a ofishin hukumar ake faro shi.