Yadda Za a Tsare Kajin Gida Daga Cuta

An buɗe sansanin Sayam Forage, arewa da garin Diffa, a ƙarshen shekarar 2014, domin mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga Damasak da sauran garuruwan bakin kogin Komadugu. Da yawansu sun baro shanu da tumaki a baya. Abin da mai ƙaramin ƙarfi ke iya sake farawa da shi kaza ce, kuma galibi mata ne masu ita. Kaji biyar a tsakar gida su ne kuɗin sabulu, su ne abin yanka wa baƙo. To, ya kamata a san abin da ke kashe su.

Babbar cutar ita ce annobar da ke zuwa da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka gane ta a 1926. Kaza takan yi sukuku, ta saki fukafukai, ta riƙa zawo kore, numfashi na yi mata wuya. Wata wuyanta kan murɗe, ta yi ta juyi wuri ɗaya. Cikin 'yan kwanaki sai akurki ya zama wayam.

Ku ji da kyau, 'yan'uwa: wannan cuta ba ta da magani. Barkonon da ake dakawa a ruwan shansu ba ya kashe ta, ko da kuwa jan tattasan Diffa ne da ake fahariya da shi. Kafson ja da rawaya da ake saye a tebur shi ma asarar kuɗi ne, don ƙwayar wannan cuta ba irin wadda yake kashewa ba ce. Rigakafi kaɗai ke tare ta. Akwai na allura, akwai kuma mai suna I-2 da ake ɗiga wa kaza ɗigo ɗaya a ido, a maimaita duk bayan wata huɗu. Lafiyayyar kaza ake yi wa, kuma kafin sanyi ya shigo. Tun da kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, maƙwabta su haɗa kai su kira ma'aikacin kiwo rana guda.

Sau da yawa mai gida da kansa ke shigo da cutar daga kasuwa. Wanda ya ga kajinsa sun fara mutuwa yakan yi sauri ya sayar da sauran da araha, shi ya sa kaza mai araha lokacin hunturu abar tsoro ce. Duk wadda aka sayo a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin 'yan'uwanta. Wadda ta mutu kuma a haƙa rami mai zurfi a binne ta, kada a jefa a juji kare ya ja ta zuwa gidan wani. In mutuwar ta yi yawa farat ɗaya, kada yara su taɓa, a sanar da ma'aikatar kiwo, gama murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magariya a 2006 tana kama da Niyukasil, kuma tana kama mutum.

Sauran cututtukan da sauƙi. Ƙurajen da ke fitowa a zanko da gefen ido sauro ne ke yaɗa su, sun fi yawa da damina kusa da kogi. A wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a tabbata kazar tana ganin abinci. Ƙuma da ƙwarƙwata kuwa, a share akurki, a zuba toka da rairayi wuri guda su yi birgima. 'Yan tsaki masu kashi da jini, danshin ƙasa ne ya jawo. A busar da wurin, a nemi magani wajen likitan dabbobi.

Da bazara, zafin Sayam shi kaɗai kan kashe kaza. A yi musu rumfar zana, a ajiye kaskon ruwa a inuwa, a sauya shi safe da yamma, a kuma sa tsakuwa a ciki don kada 'yan tsaki su nutse.