Warwarewa ko Jurewa? Yadda Turanci Ke Faɗar Abin da Aka Yi da Matsala

Duk malamin Turanci da ya taɓa duba insha'in ɗalibai a makarantun sakandare na Yelwa, ko Warra, ko Shanga, ya san cewa idan aka ce yara su rubuta labarin wata matsala da ta sami garinsu, kalma ɗaya ce za ta cika takarda, wato "solve". Ambaliya ta ci gonar shinkafa, "solve". Injin jirgin ruwa ya mutu a tsakiyar tafki, "solve". An yi rashi a gida, nan ma "solve". Alhali kuwa yaron da ya rubuta haka, in da Hausa yake magana, ba zai taɓa cewa ya warware rasuwar kakarsa ba. Ya san rikici ake warwarewa, cuta ake magancewa, gobara ake shawo kanta, zafi ake jurewa, maƙwabci kuma haƙuri ake yi da shi.

Turanci ma yana da irin wannan rabe-raben. Sai dai a maganar yau da kullum yakan ɗora shi ne a kan wasu gajerun aikatau masu tafiya da wata ƙaramar kalma a bayansu, kamar "with", da "out", da "over". A wannan darasi za mu kira ƙaramar kalmar 'yar rakiya. Idan aikatau ya haɗu da 'yar rakiyarsa, ma'anar da ke fitowa sau da yawa ba ta da alaƙa da ma'anar kowannensu shi kaɗai. Wannan wahala daɗaɗɗiya ce. Tun a 1755 Samuel Johnson ya ambata a gabatarwar ƙamusunsa cewa irin wannan haɗi ne ya fi ba baƙin harshen wuya. Sunan da aka fi sanin su da shi a yau, "phrasal verbs", ya bazu ne bayan Logan Pearsall Smith ya yi amfani da shi a wani littafinsa na 1925. Kada Bahaushe ya yi mamaki. In aka ba Bature "sha", aka ba shi "kai", ta ina zai gano ma'anar "shawo kan matsala"?

Tambayar da ɗalibi zai riƙa yi wa kansa kafin ya zaɓi aikatau ita ce: bayan an yi aikin, ina matsalar ta kwana? Ta ƙare, ko ana kan fama da ita, ko tana nan daram mutum ne kurum ya koyi zama da ita?

Bari mu gwada da tarihin da kowane ɗan ƙasar Yauri ya ji a bakin manya. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Da tafkin ya cika, ya haɗiye tsohon garin Bussa da gungaye masu yawa, aka sake wa mutum kimanin 44,000 matsuguni. Cikinsu akwai Gungawa, waɗanda suka bar gonakinsu na bakin kogi inda suka shahara da noman albasa. Ga jimloli huɗu a kan wannan al'amari guda:

1. The officials dealt with the complaints.
2. The officials sorted out the complaints.
3. The farmers coped with the loss of their land.
4. Some old people never got over it.

Jimla ta farko ta ce ma'aikata sun saurari koke-koke, sun ɗauki mataki a kansu. Ba ta tabbatar mana cewa masu kuka sun gamsu ba. Ta biyu kuwa ta yi iƙirari babba, domin "sort out" na nufin an tsefe abin da ya cukurkuɗe har ya daidaita. Wanda zai rubuta jimla ta biyu a kan Kainji sai ya zo da hujja. A ta uku, ƙasar da ruwa ya ci ba ta dawo ba, manoman ne suka san yadda suka yi rayuwa ta ci gaba, wasu da kamun kifi, wasu da noma a sabon wuri. Wannan shi ne "cope with": jurewa tare da dabara. Ta huɗu ba ta ma taɓa matsalar ba, zuciyar mutum take magana a kai. "Get over" shi ne farfaɗowa daga ciwo, ko rashi, ko ɓacin rai, kamar wanda ya haye katanga ya bar ta a baya.

Akwai "put up with", wanda ya yi kusa da "cope with" amma ya fi shi ɗaci. Mai "put up with" ba ya wata dabara, ya haƙura ne kawai da abin da ba ya so. Fasinjan da ya sha ƙura da ramuka a hanyar Yelwa zuwa Kontagora bai ce uffan ba, shi ne misali. Sai "get round", kewayewa. Matuƙan jiragen Warra sun san kututturan itatuwan da tafki ya rufe tun 1968 suna nan ƙarƙashin ruwa. Matuƙin da ya karkata jirgi ya wuce kututture bai tuge shi ba, gobe ma zai tarar da shi. Haka ma'anar take idan aka ce wani ya "got round" wata doka ko wani cikas.

Yanzu sai nahawu, inda maki ke zubewa a jarrabawar WAEC da NECO. 'Yan rakiya iri biyu ne. Akwai mai yarda a raba ta da aikatau, kamar "out" a cikin "sort out" da "work out". Ana iya cewa "sort out the problem", ana kuma iya cewa "sort the problem out". Amma da zarar karɓau ya zama wakilin suna, dole ya shiga tsakiya: "sort it out". Wanda ya rubuta "sort out it" ya yi kuskure. Akwai kuma wadda ba ta rabuwa da aikatau ko kaɗan, kamar "with" da "over" a misalanmu. Saboda haka "deal with it" da "get over it" ne daidai. A kula da shuɗaɗɗen lokaci ma: "dealt" ake cewa, "put" kuwa ba ya canza kama.

Kuskuren da ya fi kowanne yaɗuwa a ƙasar nan, har a bakin masu digiri, shi ne "cope up with". Babu "up" a wurin, "cope with" ne kurum. A ganina kunne ne ke gauraya shi da "put up with" da "keep up with", waɗanda su suna da ita. Malamin da ya nuna wa ɗalibai mafarin kuskuren ya fi wanda ya ja jan biro a kai ya wuce.

Ga wata dabara daga Hausa kanta. A 1960 masanin harshe F. W. Parsons, na makarantar nazarin harsunan Afirka da Gabas ta Landan, ya kasa aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai. Giredi na huɗu, mai ƙarewa da wasalin "e", yakan nuna an yi aiki ƙarƙaf: ci, cinye; sha, shanye; saya, saye. Abin da wannan wasali ke yi a Hausa, shi "up" da "out" ke yi a Turanci sau da yawa: "eat up", "drink up", "buy up". Don haka idan ɗalibi ya ga "clear up" ko "sort out", ya ji ƙamshin kammalawa a ciki. Amma dabarar ba ta cin kowane wuri, ga "put up with" nan da "up" ɗinsa, babu abin da ya kammala.

Amfanin wannan ilmi ya wuce ɗakin jarrabawa. Bayan ambaliyar da ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi a 2020, da nutsewar jirgin ruwa kusa da Warra a watan Mayu na 2021, wadda ta ci rayuka masu yawa, sanarwar hukuma da rahotannin jaridu da Turanci suka fi fitowa, kuma ɗan makaranta ake kira a gida ya fassara. Idan takarda ta ce "we are looking into the matter", ma'anarta ana bincike, ba a ɗauki mataki ba tukuna. "We are dealing with it", an sa hannu. "We will see to it", alkawari ne aka ɗauka, wanda ake iya tambayar cikarsa daga baya. Yaron da ya fassara dukkan ukun da "sun ce sun magance" ya kwantar wa iyayensa hankali a kan abin da takardar ba ta faɗa ba.

Ga malamai: a ba kowane ɗalibi aikin ya tambayi wani dattijo a gidansu matsala ɗaya da tashin 1968 ko wata ambaliya ta jawo masa. Ya rubuta amsar da Hausa tukuna, ya ja layi ƙarƙashin kowane aikatau da dattijon ya yi amfani da shi. Sannan ya juya ta zuwa Turanci cikin jimloli biyar, da sharaɗin kada kalmar "solve" ta fito fiye da sau ɗaya.