Ƙarfe da Furotin: Abin da Masu Gina Jiki a Mpape Ya Kamata Su Sani

A aikina na ba mutane shawara kan abinci, babu tambayar da matasa masu ɗaga ƙarfe a Mpape suka fi yi kamar ta garin furotin: wanne za su saya, kuma shin gaskiya ne wanda bai sha ba cikin rabin awa bayan atisaye ya yi aikin banza? Matsayina shi ne, abin da ke gina tsoka shi ne jimillar furotin da ya shiga ciki daga safe zuwa dare, kullum, tare da ɗaga nauyin da ake ƙara masa kaɗan-kaɗan. Mintin da aka ci shi da kyan robar da ya fito ciki ƙaramin tasiri gare su.

Jikin mutum kullum yana rushe tsoka yana sake gina ta. Ɗaga nauyi yana sa zaruruwan tsoka su buɗe ƙofa ga amino asid, wato ƙananan sassan da furotin ke narkewa ya koma a hanji, kuma ƙofar nan tana zama a buɗe har kwana guda ko fiye. A shekarar 2009 masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada sun ba samari furotin ɗin ƙwai bayan atisayen ƙafa, suka ga ginin tsoka ya kai iyakarsa a wajen giram 20, kwatankwacin ƙwai uku zuwa huɗu. A 2018 Robert Morton da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan mutum 1,863. Ƙarin furotin ya taimaka, amma ribarsa a kan wanda ya yi atisaye kaɗai ba ta wuce kusan giram 300 na tsoka ba, kuma amfanin ya tsaya a kusan giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 70 ke nan yana neman giram 112. Batun rabin awa kuwa, Brad Schoenfeld da abokansa sun bi diddiginsa a 2013, suka gano cewa waɗanda suka fi samun tsoka don sun sha furotin daf da atisaye, asali sun fi cin furotin ne a jimilla.

Za a ce wannan lissafin Turai ne, wa zai iya giram 112 a tsadar yau? Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Sai dai a duba abin da ke bakin titi. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, kofin nono ko kindirmo kusan 8. Ɗanyen wake giram 100 yana ɗauke da fiye da giram 20, gyaɗa kusan 25, waken suya da ake awara da shi sama da 35. Ga ƙuli-ƙuli, alale, ƙosai, busasshen kifi, da tsire idan aljihu ya yarda. Wanda ya karya da ƙosai da koko da dafaffen ƙwai biyu, ya ci shinkafa da wake da kifi da rana, ya haɗa awara da nono da yamma, ya yi nisa a hanyar adadin nan. Gaskiya ne furotin ɗin tsirrai bai kai na ƙwai da madara yawan lusin ba, amino asid ɗin da ke tayar da ginin tsoka, amma ana rufe giɓin da ƙara yawa da haɗa wake da hatsi, domin abin da ɗaya ya rasa ɗayan yana da shi. Ɗanyen ƙwai da wasu ke kwankwaɗa asara ce: jiki yana amfana da kusan rabin furotin ɗinsa ne kawai, dafaffe kuwa sama da kashi 90 cikin 100, ban da haɗarin ƙwayar cutar da ke kawo gudawa.

Akwai abin da ya shafi Mpape musamman. Gari ne na duwatsu, kuma da yawa cikin samarin da ke zuwa wajen ƙarfe da magariba sun yini suna fasa dutse, ko lodin tifa, ko aikin gini a Maitama. Jikin da ya ƙona ƙarfi haka, idan tuwo da shinkafa da mai ba su ishe shi ba, furotin ɗin da aka ba shi zai ƙona ya yi makamashi da shi. Irin wannan matashi ya fi bukatar ƙoshi da barci a kan kowace roba, kuma ina jin zafin ganin ya rage abincin gida don ya tara kuɗin garin furotin.

Ban ce garin furotin haramun ba ne. Yawancinsa daga ruwan madara ake yin sa, kuma yana sauƙaƙa wa wanda ba ya samun zaman cin abinci. Mai saye ya duba lambar NAFDAC, ya guji wanda aka juye a leda babu suna. Fargabar da iyaye ke yi cewa furotin na lalata ƙoda ba ta tabbata a kan masu lafiyayyar ƙoda ba, amma mai ciwon ƙoda ko ciwon suga ko hawan jini kada ya ƙara sai likita ya duba shi. Allura da ƙwayoyin sitiroyid da ake raɗa wa yara a wuraren atisaye wani abu ne daban, ba abinci ba ne: suna taɓa hanta da zuciya, suna hawar da jini, suna kuma rage maniyyi, wani lokaci har watanni bayan an daina.